An Ce Zuciyar Maigidana Ta Kumbura, Surukata Ta Ce Ni Ce Sila

Assalamu alaikum. Maigidana shekararsa 47, kayan gyaran mota yake sayarwa. Wata bakwai da suka wuce ya fara haki idan ya hau bene, muka je asibiti. Aka auna jininsa 170 bisa 105, aka yi masa hoton zuciya, likita ya ce zuciyar ta kumbura, bangonta ya yi kauri har milimita 14. Aka ba shi amlodipine da losartan. Ya sha wata biyu, jinin ya sauka, ya ajiye maganin ya ce ya warke. Hujjarsa ita ce ya buga ƙwallo da ƙuruciya, kuma an taɓa gaya masa zuciyar 'yan wasa dama babba ce. Rabonsa da fili kuwa ya fi shekara ashirin. Yanzu zoɓo da tafarnuwa yake sha. Abin da ya fi ci mini rai, mahaifiyarsa ta ce baƙin cikina ne ya kumbura masa zuciya, saboda mun yi shekara muna saɓani a kan batun komawata aiki. Shin da gaske ni ce? Zuciyar da ta kumbura tana sacewa? Kuma ta yaya zan sa ya koma magani ba tare da mun yi faɗa ba?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki rai.

Bari in fara sauke miki kayan da aka ɗora miki. Ba ke kika kumbura masa zuciya ba. Harshenmu ne ya zuba abu biyu a ƙwarya ɗaya. Idan Bahaushe ya ce zuciyarsa ta kumbura, yana nufin ransa ya ɓaci, ya cika ya yi fam. Idan likita ya faɗi haka, tsokar da ke cikin ƙirji yake nufi, wadda ya auna kaurinta da na'ura. Hajiya, surukarki, ta ji maganar asibiti ne da kunnen gida. Ban cika ganin laifinta ba: uwa ce, an ce ɗanta ba lafiya, tana neman inda za ta jingina abin, ke kuma kika fi kusa. Ɓacin rai yana ɗaga jini na ɗan lokaci, damuwa mai tsawo ma tana da nata kason, wannan ba zan ɓoye miki ba. Amma kauri irin wanda aka gani a hoton nan, ga mai jini 170, yawanci aikin shekaru ne na hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba. Da alama ya fara tun kafin a tayar da zancen aikinki.

Kalmar kumburin ma ba ta zauna daidai ba, don ba ruwa ne ya taru ba kamar a ƙafar da ta gurɗe. Naman ne ya ƙaru. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, kuma na ƙasa ta hagu shi ke tura jini zuwa duk jiki, sau wajen 100,000 a kowace rana. Bangonsa a lafiyayyen mutum ba ya wuce milimita 10 zuwa 11. Idan jini ya hau, kowane bugu sai ɗakin nan ya yi kokawa kafin ya fitar da abin da ke cikinsa, kamar mai tura ƙofar da wani ya danne ta baya. Fata da hanta idan aiki ya yi musu yawa, ƙwayoyinsu sukan rabu su hayayyafa. Ƙwayoyin tsokar zuciya kuwa kusan sun rufe haihuwa tun mutum yana jariri. A 2009 masana a cibiyar Karolinska ta ƙasar Siwidin suka gano cewa ɗan shekara 25 kashi 1 cikin 100 kawai na waɗannan ƙwayoyi yake sabuntawa a shekara, in ya kai 75 ma bai kai rabin haka ba. Tunda ba ta iya ƙaro ma'aikata, sai kowace ƙwaya ta ƙara jiki, ta jera sababbin zarurrukan matsewa gefe da gefe. Da farko dabara ce mai kyau, don bango mai kauri ya fi ɗaukar nauyi. Matsalar ita ce ta ciki ake yaɓen. Ki ɗauka ɗakin ƙasa ne da ake yi wa yaɓe ta ciki duk shekara: katanga tana ƙarfi, ɗaki yana ƙunci, har gado ya rasa wurin zama.

To wa ke gaya wa ƙwayar ta ƙara jiki? A nan nake so ki ba ni hankalinki, don amsar tambayoyinki biyun ƙarshe tana nan, kuma a nan ne hujjar maigida za ta tsaya ko ta faɗi.

Ki ɗauki kowace ƙwaya a matsayin gari mai ganuwa. A tsakiyarta akwai fada, inda aka ajiye kundin gado, wato umarnin ƙera duk wani abu da ƙwayar ke buƙata. Ba a buɗe shafi a kundin nan sai saƙo ya iso, kuma saƙo ba ya faɗawa fada kai tsaye. Yakan tsaya a ƙofar gari, mai gadi ya karɓa ya miƙa wa wani, wancan ya miƙa gaba, kamar yadda magana ke tashi daga mai unguwa ta bi ta dagaci da hakimi kafin ta kai ga sarki.

A jikin mai hawan jini akwai jakadu uku da ba sa barin ƙofar nan ta huta. Na farko anjiyotensin, wanda ƙoda ke tayar da aikensa. Na biyu noradirenalin, sinadarin da jijiyoyi ke fitarwa idan jiki na cikin shirin gudu ko faɗa. Na uku endotelin, daga bangon hanyoyin jini. Tun 1983 wani likita a Amurka, Paul Simpson, ya zuba noradirenalin a kan ƙwayoyin zuciyar jariran ɓeraye da ya raina a faranti, ya ga sun yi girma alhali ba jinin da suke turawa. Ashe saƙon kaɗai ya isa. Shekara goma bayan haka, wasu masana biyu, Sadoshima da Izumo, suka shimfiɗa irin waɗannan ƙwayoyi a kan roba mai talewa suka ja ta, sai ƙwayoyin da kansu suka fitar da anjiyotensin. Wato zuciyar da aka matsa wa, ita ma aika wa kanta jakada take yi.

Ƙofofin jakadun nan uku daban-daban ne, amma duk mai gadi ɗaya suke tasa, wani furotin da ake kira Gq. Shi kuma ya tayar da wani sinadari da ke yanka wani kitse a jikin ganuwar gida biyu, ɗaya daga cikin gutsattsarin ya je ya buɗe rumbun kalsiyam. Kalsiyam ba baƙo ba ne a zuciya, shi ne ma ke sa ta bugawa: ya fito ta matse, a kwashe shi ta saki, haka dare da rana. Amma idan ya fito ya yi zaman dirshan a wasu lunguna na ƙwayar, sai ya farkar da wani mai suna kalsinurin. A wajen fada kuma akwai wani magatakarda da ake kira NFAT, wanda ya iya buɗe shafukan girma a kundin gado, amma an hana shi shiga saboda wasu ƙullin fosfet da ke manne a jikinsa. Kamar mai takalmi ne a ƙofar fada: muddin suna ƙafarsa, ba shi ba shiga. Aikin kalsinurin shi ne cire masa takalman. Da an cire sai ya shige, ya haɗu da abokinsa GATA4, su fara buɗe shafuka. A 1998 Jeffery Molkentin da Eric Olson a birnin Dallas suka samar da ɓerayen da kalsinurin ɗinsu ba ya barci, zukatansu suka yi girma ƙwarai, suka gaza, da yawa suka mutu farat ɗaya. Da aka ba su cyclosporin, maganin da ke ɗaure kalsinurin, girman bai faru ba. Kada wannan ya sa wani ya tafi kemis nema. Ana ba masu dashen ƙoda shi ne don wani dalili daban, kuma a jikin mutum shi kansa yana ɗaga jini yana taɓa ƙoda. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

Akwai hanya ta biyu da kalsiyam ke bi. A cikin fada akwai wani magatakardan, MEF2, da dogarai masu suna HDAC suka riƙe wa hannu. Kalsiyam ya tayar da wani sinadari, CaMKII, shi kuma ya kori dogaran waje, MEF2 ya sami sake. Akwai kuma wasu jerin 'yan aike da ake kira MAPK. Ba sai kin haddace sunayen ba. Abin da suke karantowa idan sun buɗe kundin shi ne abin dubawa.

Shafukan da suke buɗewa na zamanin da mutum yake cikin mahaifiyarsa ne. Zuciyar babban mutum ta koma ƙera kayan aikin ɗan tayi: zarurrukan matsewa masu tsimin makamashi amma masu nawa, da ƙarancin famfon da ke kwashe kalsiyam bayan kowane bugu, don haka sakinta ma ya zama a hankali. Saƙon anjiyotensin kuma ba ƙwayar tsoka kaɗai yake isa ba. Shi da wani sinadarin jiki mai suna aldosteron suna zuga wasu ƙwayoyi da ke zaune a tsakankanin tsokar su yi ta saƙa zaren tabo, sai naman ya zama irin mai jijiyar nan da mahauci ke tura wa wanda bai iya saye ba. Ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da tsokar su kuma ba sa ƙaruwa daidai da ita, baki ya yi yawa tuwo bai ƙaru ba. Sakamakon shi ne ɗaki mai ƙunci da bango mai tauri kamar ƙirgi, wanda ba ya buɗewa ya karɓi jini yadda ya kamata. Jinin da ya rasa wurin shiga sai ya ja baya ya taru wajen huhu. Hakin da maigida ke yi a bene ke nan. Tabon kuma yana rikita wutar da ke tsara bugu. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948, ya nuna a 1990 cewa gwargwadon nauyin wannan ɗaki na hagu, gwargwadon haɗarin ciwon zuciya da mutuwa, ko da an cire lissafin hawan jinin kansa.

Duk da haka zuciya ba ta zauna ba birki. Cikin shafukan da ake buɗewa akwai na wasu sinadarai biyu, ANP da BNP, da take aikawa ƙoda su ce a zubar da gishiri da ruwa, su kuma sassauta saƙon girma a cikin ƙwayar. Adolfo de Bold ne ya gano na farkon a Kanada a 1981. Idan likita ya rubuta gwajin jini na BNP, kukan zuciyar yake son ji, don yawansa na nuna irin matsin da take ciki.

Yanzu batun ƙwallo. Maigida bai yi ƙarya ba, zuciyar ɗan wasa tana girma. Sai dai wani jakada ne daban ke kawo wannan saƙon, ta wata ƙofar daban. Motsa jiki yana ƙara wani sinadarin girma, IGF-1, shi kuma ya bi ta hannun PI3K zuwa Akt zuwa mTOR, wanda ke kula da ƙera furotin. Girman da wannan hanya ke kawowa a tsare yake: bango da ɗaki su ƙaru tare, hanyoyin jini su bi su, ba tabo, ba komawa kayan ɗan tayi. A 2003 Julie McMullen da abokan aikinta a Boston suka raunana PI3K a zukatan ɓeraye. Da aka sa su iyo na makonni, zukatan ba su yi girman 'yan wasa yadda aka saba ba, amma da aka ɗaure musu babbar jijiyar jini don a kwaikwayi hawan jini, suka yi kauri kamar kowa. Shekara guda bayan haka ɗakin binciken Molkentin ya duba ta ɗaya gefen, ya ga NFAT yana shiga fada idan an matse jijiya, amma ba ya shiga don an yi iyo. Hanya biyu ce, kowace da inda take kai mutum.

Ke ma da kike karanta wannan, idan kin taɓa ɗaukar ciki, zuciyarki ta ƙara girma don ta ɗauki ƙarin jini, ta kuma koma bayan haihuwa. Har mesa ma: a 2005 aka ruwaito cewa zuciyar wata mesa ta ƙasar Bama tana ƙara kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta cikin kwana biyu bayan ta haɗiye abinci, in ta narkar ta koma. Abin da ya haɗa su duka shi ne girman lafiya yana tafiya idan dalilinsa ya tafi. Ɗan wasan da ya ajiye atisaye, cikin makonni zuwa watanni kaurin bangon zuciyarsa yake raguwa. Wanda rabonsa da fili shekara ashirin, ƙwallo ta daɗe da karɓe abinta. Kuma zuciyar ɗan wasa ba ta sa shi haki a bene.

Kin tambaya ko tana sacewa. Tana raguwa, kuma wannan ne albishir ɗin da ke cikin wasiƙarki. Magungunan da aka ba shi ba lambar da ke jikin na'ura kaɗai suke saukarwa ba. Losartan zama yake yi a ƙofar da anjiyotensin ke ƙwanƙwasawa, ya toshe ta, jakada ya zo ya koma da saƙonsa. Danginsa irin su lisinopril hana ƙera jakadan suke yi tun daga tushe, kuma asalin su lisinopril ɗin daga dafin wani maciji ne na ƙasar Birazil da Sérgio Ferreira ya yi bincike a kai a shekarun 1960. Amlodipine kuma yana sassauta hanyoyin jini, wato ya janye mai danne ƙofar ta baya. A wani babban gwaji mai suna LIFE da aka fitar a 2002, an bi mutum 9,193 masu hawan jini da kaurin zuciya kusan shekara biyar, aka ga kaurin ya ragu da magani, ya kuma fi raguwa ga masu shan losartan a kan masu shan wani maganin hawan jinin mai suna atenolol. Sai dai mu baƙar fata, irin su losartan su kaɗai ba su cika saukar mana da jini sosai ba. Gwajin CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida da mutum 728, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini a kan wanda babu shi. Don haka likitan da ya haɗa masa biyun nan ya san abin da yake yi.

Amma ki lura da lissafin lokaci. Jini yana sauka cikin makonni. Tsokar da aka yi shekaru ana yaɓawa, watanni take ɗauka har zuwa shekaru kafin ta ragu, tabon da ya riga ya kafu kuwa ba ya goguwa duka. Wata biyun da ya sha, aikin ma bai kankama ba. Losartan kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya bar jiki, amlodipine 'yan kwanaki. Tun makon da ya ajiye su ƙofa ta sake buɗewa, an koma cire wa NFAT takalmi, shi kuwa ba abin da zai ji, don ƙwayar zuciya ba ta ihu idan tana ƙara jiki. Jinin da ya ga ya sauka, maganin ne ya riƙe shi. Zoɓo yana ɗan rage jini kaɗan, an gani a ƙananan gwaje-gwaje, amma ba shi zai sauko da 170 ba, balle in an cika masa sukari. Ya sha abinsa in yana so, ya gaya wa likita yana sha, tafarnuwa kuma ta shiga miya.

Saura yadda za ki ɓullo masa. A iya abin da na gani, namiji ba ya cika ajiye magani don dalilin da ya faɗa. Na taɓa zama da wani magidanci da ya rantse mini ya warke, yana magana yana murza katin maganin a aljihun gaban rigarsa, rabinsa ba a ɓalle ba. Sai da matarsa ta fita ɗebo ruwa ya sunkuyar da kai ya ce tun da ya fara sha yake ganin rauni wajen iyali. Wani kuɗin ne ke yi masa nauyi duk wata, wani kumburin ƙafar da amlodipine kan kawo ne ya tsorata shi, wani kuma ba ya son a ce shi ne mai shan magani har abada, yana ganin tsufa ne ya ƙwanƙwasa. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ba a gaban yara ba, ba kuma bayan saɓani ba, ki tambaye shi abin da maganin ya yi masa da bai ji daɗi ba, sannan ki yi shiru ki saurara. In batun shimfiɗa ne, losartan da amlodipine ba su ne aka fi sani da wannan ba, hawan jinin da aka bari shi ne ke lalata hanyoyin jinin wurin. Ko ma mene ne, magungunan hawan jini iri-iri ne, likita zai iya canzawa. Abin da ba a so shi ne mutum ya canza wa kansa, ko ya ɗauko tsohon kati ya ci gaba bayan wata biyar ba a sake duba shi ba. Ya koma asibiti, a auna jini, a duba ƙoda da sinadarin fotasiyam, don losartan yana buƙatar haka.

Kada ki yi masa wa'azi da abin da na rubuta. Ki sayi na'urar awon jini ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, ki ce ta gida ce, ki fara auna kanki a gabansa. A auna safe da yamma har mako guda, bayan an zauna minti biyar, baya a jingine, hannu a kan tebur, a rubuta a takarda. Gani ya kori ji. Mutumin da zai yi musu da matarsa ba zai yi musu da lambar da ya gani da idonsa sau goma sha huɗu ba. In akwai amini ko yaya da yake jin nauyinsa, a nuna masa takardar.

Tukunya kuma a hannunki take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a dunƙule, da garin ɗanɗanon taliyar leda, da yajin tsire, da kilishi. Kanwa ma 'yar gidan gishiri ce. Ki rage a hankali a tukunyar kowa, ki ƙara daddawa da citta da albasa, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Kada ki ware masa kwanon marar lafiya, ba zai ci ba, zai fita ya ci a kasuwa. Ki sa ido kan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da haɗin gajiya da ake ƙullawa a kemis, don suna ɗaga jini suna kuma wahalar da ƙoda, musamman tare da losartan. Haka lemon ƙara kuzari, da taba, da magungunan maza da ba a san abin da ke cikinsu ba. In yana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa, a gaya wa likita, don wannan ma yana hana jini sauka. Idan jinin ya daidaita kuma likita ya yarda, tafiyar sauri ta minti 30 a yawancin ranakun mako za ta tayar masa da waccan hanya ta alheri da ya sani a fili. Cicciɓar injin mota yana riƙe numfashi kuwa, ya bar wa yaran shago.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ku kai wa likita. A danginsu an taɓa samun wanda ya faɗi ya mutu farat ɗaya yana matashi? Akwai wani kaurin zuciya na gado da ke samun kusan mutum 1 cikin 500, inda kuskuren yake a cikin kundin kansa, a shafin zarurrukan matsewa. Shi aka samu a zuciyar Marc-Vivien Foé, ɗan wasan Kamaru da ya faɗi a fili a birnin Lyon na Faransa a watan Yunin 2003. Mai hawan jini 170 ya riga ya sami bayanin kaurinsa, don haka ba ina cewa shi ne ba. Amma in akwai irin wannan tarihi, likita zai so ya ƙara dubawa, har da yaranku, don kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadonsa. In kuma kika ga ciwon ƙirji mai danna, ko suma, ko ya kasa kwanciya sai ya tada kai da filo uku, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ba a jiran gari ya waye.

Batun aikinki, shawarata kada ki sadaukar da shi a matsayin kaffarar laifin da ba ki yi ba. Zamanki a gida ba zai rage milimita ko ɗaya ba. Ki dai jingine zancen na ɗan lokaci har a shawo kan jinin, don kada ya ga magani ya zama wani fagen da za ki kayar da shi.

Hajiya kuma kada ki tanka mata, ko da ta maimaita. Ki roƙe ta ta raka ku asibiti ranar komawa, ki ce maganarta ya fi ji, wanda kuma gaskiya ne. Ki bari ta yi wa likita tambayar da bakinta, ta ji amsar daga gare shi. Ranar da na'urar ta iso gida kuma, bayan kin auna naki, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, kawo hannunki mu gani." Hawan jini yana bin dangi, kuma zai yi wuya a ce an auna nata a 'yan shekarun nan.